Tambaya da Amsa: Idan Mota Ta Kafe, Ina Haɗarin Yake?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a kan motoci masu jan ƙafa huɗu sun karkata ga abu ɗaya, wato yadda ake fitar da mota idan ta kafe a laka, ko rairayi, ko ruwa. Mun zaɓi kaɗan daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin, muka ba wadda ta fi shafar rai fili mai yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Motata ta kafe a taɓo bayan an yi ruwa, sai wani mai mota irin tawa ya tsaya ya taimaka. Mun rataya igiyar ja a kan dunƙulallen ƙarfen nan na bayan motarsa, wanda ake sargafa tirela a kai, ya fizga sau biyu, motar ta fita lafiya. Da na ba wani abokin aikina labari, sai ya ce Allah ne ya kiyaye mu. Shin da gaske akwai haɗari, ko kuwa tsoro ne kawai? Daga wani direba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin aikinka ya faɗa maka gaskiya, kuma ina roƙonka kada ka sake yarda a yi haka, ko da motar wani ce ba taka ba. Wannan dunƙulen ƙarfe an ƙera shi ne domin ya ja tirela mai tayoyi a kan hanya, inda nauyi yake zuwa masa sannu a hankali. Ba a ƙera shi domin ya ɗauki fizga ta farat ɗaya ba, kuma wuyansa, inda ya tsuke kafin ya shiga noti, shi ne wurin da ya fi rauni. Idan igiyar ta miƙe iyakar miƙewarta sannan wuyan ya karye, igiyar ba ta faɗuwa ƙasa. Tana komawa da ƙarfi zuwa ɗaya motar, ɗauke da ƙarfen a bakinta kamar dutsen majajjawa, kuma abin da ke gabanta shi ne gilashin motarka da kanka. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, musamman a Ostiraliya inda tuƙin irin waɗannan motoci a jeji da bakin teku ya zama ruwan dare, har hukumomin ƙasar suka wajabta a manna gargaɗi a jikin kowace igiyar fizga da ake sayarwa, wato igiya mai miƙewa da ake fizgo motar da ta kafe da ita. Ƙa'idar da suka sabunta a 2017 ta tanadi cewa a rubuta ƙarara kada a ɗaura igiyar a kan wannan ƙarfe, ko a kan ƙananan zobban da ake ɗaure mota da su lokacin safara.

Waɗannan zobba ma tarko ne da mutane da dama ke faɗawa. Idan ka leƙa ƙarƙashin mota za ka ga wani lanƙwasasshen ƙarfe da aka yi wa walda a jikin shasi, wanda ido zai ɗauka an sa shi ne domin ja. Yawancinsu aikinsu kawai shi ne riƙe motar kada ta motsa a cikin jirgin ruwa ko a bayan babbar mota. Wurin da ya dace a ɗaura igiya shi ne ƙugiya ko zobe mai kauri wanda aka ɗaure a jikin shasi da kusoshi masu ƙarfi, wanda kamfanin da ya yi shi ya bayyana nauyin da zai iya ɗauka. A bayan mota kuma, idan tana da ramin nan mai kusurwa huɗu da ake zura ƙarfen tirela, ana zare ƙarfen gaba ɗaya a zura wani da aka yi musamman domin fitar da mota. Bamba, da ƙarfen kariya na gaba, da aksul, da sandunan sitiyari, duk ba wurin ɗauri ba ne.

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa ƙarfin yake kai haka, domin wanda ya fahimci dalili ba ya bukatar a riƙa tuna masa doka. Igiyar fizga da nailan ake saƙa ta, kuma an yi ta ne ta miƙe da kimanin kashi 20 cikin 100 na tsawonta, wasu ma irin murɗaɗɗun suna kaiwa kashi 30. Lokacin da motar gaba ta taso da gudu, ƙarfin tafiyarta yana taruwa a cikin igiyar, sannan igiyar ta mayar da shi ga motar da ta kafe. Wannan ƙarfi ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin yana ninkuwa sau huɗu. Direban da ya ga fizgar farko ba ta yi ba, ya koma baya ya taso da kilomita 20 a awa maimakon 10, ya tara a cikin igiya ninki huɗu na ƙarfin tafiyar da ya tara da farko, alhali shi a zuciyarsa ɗan ƙari ya yi.

Ita ma lakar tana da nata lissafi. Littattafan horar da sojojin Amurka a kan ceto motoci suna ƙiyasta cewa motar da ta nutse zuwa tsayin tayoyinta tana bukatar ja daidai da nauyinta, wadda ta nutse har laka ta rufe saman tayoyin tana bukatar ninki biyu, wadda kuma laka ta kai ga ɗakin direba tana bukatar ninki uku. Mota mai nauyin kilo 2,500 ke nan, idan laka ta rufe saman tayoyinta, tana iya neman jan kilo 5,000, tun kafin a lissafa hawa idan wurin gangare ne. Saboda haka nake ganin shebur ya fi igiya muhimmanci a cikin kayan mota. Duk lakar da ka kwashe daga gaban tayoyi da ƙarƙashin cikin mota, duk kayan da ka sauke, duk iskar da ka rage a taya, nauyi ne ka cire daga wuyan igiya. Mutane suna ƙin wannan aiki saboda yana ɓata tufafi kuma yana cin lokaci, amma motar da ta kafe ba gudu za ta yi ba, kuma in ba ruwa ne ke tasowa ba, babu abin da ke tilasta gaggawa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni sarƙa nake ajiyewa a mota domin na fi amincewa da ƙarfe a kan igiya. Kuma idan igiya ɗaya ba ta kai ba, ina haɗa biyu da zoben ƙarfe mai kusa. Akwai laifi?

Amsa: Akwai laifi a duka biyun, Malam, kuma na biyun ya fi muni. Sarƙa tana da amfaninta wajen ja a hankali, misali janye gungumen itace daga hanya, amma ba ta miƙewa ko kaɗan, don haka idan aka fizga da ita babu abin da zai sassauta bugun. Duk ƙarfin zai sauka a lokaci guda a kan shasi da wurin ɗauri da ƙwayar sarƙar da ta fi rauni, kuma ɗaya daga cikinsu ne zai saki. Haka nan igiyar jan mota a kan titi, wadda ake yi da zaren da ba ya miƙewa sosai kuma sau da yawa take zuwa da ƙugiyoyin ƙarfe a bakinta, ba ta fizga ba ce. Igiyar fizga ta gaskiya ba ta da ƙarfe ko ɗaya a jikinta, sai madauki da aka ɗinke a kowane baki.

Shi kuwa zoben ƙarfe a tsakiyar igiyoyi biyu, sanya makami ne a wurin da ya fi kowane wuri hatsari, domin duk igiyar da ta tsinke, ɗayar za ta harba zoben zuwa motar da take ɗaure da ita. Hanyar da ta dace ita ce a zura madaukin kowace igiya cikin na ɗayar su sarƙe juna, a cusa naɗaɗɗiyar mujalla ko tawul a tsakiyar ƙullin domin kada ya cije ya ƙi kwancewa, ko kuma a yi amfani da zoben igiya mai laushi wanda ake yi da zaren roba mai ƙarfin gaske, wanda ko ya tsinke ba shi da nauyin da zai yi kisa. Zoben ƙarfe wurinsa jikin mota ne, kuma sai wanda aka buga wa hatimin nauyin aikinsa a jiki, kamar tan 3.25 ko tan 4.75 da aka fi amfani da su ga irin waɗannan motoci. A murɗa kusarsa har ƙarshe sannan a ɗan sassauta ta kaɗan, in ba haka ba za ta cije bayan ja.

Game da zaɓen igiyar kanta, ƙa'idar Ostiraliya da na ambata ta ba da shawarar ƙarfin tsinkewarta ya kasance ninki biyu zuwa uku na cikakken nauyin motar da ta fi sauƙi a cikin biyun, wato nauyinta da kaya da mutane kamar yadda kamfani ya rubuta. Mota mai kilo 3,000 tana bukatar igiya tsakanin kilo 6,000 da 9,000. Wasu suna zaton mafi kauri shi ne mafi aminci, amma igiyar da ta fi ƙarfin mota ba za ta miƙe ba, sai ta koma tamkar sarƙar da muka hana. A sani kuma igiyar da ta jiƙe sharkaf tana rasa wani ɓangare na ƙarfinta da miƙewarta, wadda aka fizga sau da yawa a jere tana bukatar hutu kafin zarenta ya koma daidai, wadda kuma ta yanke a gefe ko ɗinkinta ya fara warwarewa ta gama aiki.

Tambaya: Ni ba na tuƙi a irin waɗannan hanyoyi, amma nakan yi tafiya da maigidana da yara, kuma idan mota ta kafe kowa yakan fito ya tsaya kallo. Ina ya kamata mu tsaya? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, tambayarki ta fi ta direbobi da yawa muhimmanci, domin ɗan kallo ba shi da gilashi ko ƙarfen mota da zai kare shi. Kowa ya fita daga motocin biyu in ban da direbobi, a koma gefe, nesa da aƙalla tsawon igiyar sau ɗaya da rabi. Igiya mai mita 9 ke nan tana bukatar tazarar mita 13 da rabi ko fiye. Kada a tsaya a gaban motar da ke ja, ko bayan wadda ake ja, ko tsakaninsu, domin duk abin da ya ɓalle a kan wannan layi yake tafiya, kuma motar da ta fita daga rami takan zabura fiye da yadda direbanta ya yi tsammani. Ki riƙe hannun yara ƙanana har sai an kwance igiya, kada ki dogara da cewa an gaya musu su tsaya.

Ki kuma lura da abubuwa biyu da za ki iya tunatar da maza idan zumuɗi ya ɗebe su. Na farko, a ɗora bargo mai nauyi ko jakar da aka yi domin haka a kan igiyar, saboda idan ta tsinke nauyin ya ja ta ƙasa. Wannan yana rage haɗari, amma ba ya maye gurbin tazara. Na biyu, mutum ɗaya tak ne zai riƙa ba da umarni, a wurin da direbobin biyu suke ganinsa, bayan an yi yarjejeniya a kan alamar tafiya da alamar tsayawa, kuma duk wanda ya ga wani abu ba daidai ba yana da ikon ya tsayar da aikin. Inda mutum biyar suke ihu lokaci guda, direba ba ya jin kowa. Babu wanda zai tsallake igiyar da aka riga aka ɗaura bakinta biyu, ko da tana kwance a ƙasa, domin direba yana iya motsawa ba tare da ya gan shi ba.

Tambaya: Malam, na sa wa motata na'urar nan mai naɗe waya da ake kira winci, kuma an ce mini ta fi igiyar fizga aminci. Haka ne?

Amsa: Haka ne ta fuska ɗaya, domin winci yana ja a hankali, kana iya tsayar da shi duk lokacin da ka so ka duba, kuma babu gudun mota a ciki. Da za a ba ni zaɓi tsakanin su biyu a laka mai zurfi, winci zan ɗauka. Amma yana da nasa haɗurran, kuma yawancinsu a hannu suke sauka. Wayar ƙarfe takan yi tsage-tsage masu kaifi da ke yanka tafi, don haka safar hannu ta fata wajibi ce, kuma kada ka bari wayar ta riƙa zamewa ta cikin hannunka. Lokacin naɗe ƙarshen waya, ka riƙe ƙugiyar da ɗan ƙyallen da aka ɗaura mata, ba da yatsu ba, domin bakin da wayar ke shiga ya cinye yatsun mutane da yawa kafin su saki maɓalli.

Ƙarfin da aka rubuta a jikin winci na layin farko ne na waya a kan gangarsa. Duk layin da ya hau kan wani, ƙarfin yana raguwa. Saboda haka ya fi kyau a warware waya da yawa, amma a bar aƙalla zagaye biyar a kan gangar idan wayar ƙarfe ce, fiye da haka idan igiyar roba ce, domin ƙaramar kusar da ke riƙe bakin wayar ba za ta iya ɗaukar nauyin mota ba. Idan bishiya ce madogararka, ka zaɓi rayayya mai kauri, ka zagaya gindinta can ƙasa da faffaɗan bel, kada ka zagaya wayar ka maƙala ƙugiya a jikinta, domin hakan yana kashe bishiyar kuma yana karya wayar. Fuli, wato ƙafar ƙarfe mai juyawa da ake ratsa waya ta ciki a dawo da ita jikin mota, yana kusan ninka ƙarfin ja sau biyu, amma ka tuna cewa bishiyar da bel ɗin da zoben su ne suke ɗaukar wannan ninki. Idan kuma fulin ya karkatar da waya ta yi kusurwa, cikin kusurwar nan shi ne wuri mafi muni da mutum zai tsaya. Ka bar injin mota yana aiki saboda winci yana jan wuta mai yawan gaske daga batir, ka riƙa ja kana hutawa domin kada ya yi zafi ya ƙone, kuma kada ka taɓa fizgar wata mota da wayar winci ta hanyar ja da baya da motarka, domin ba a yi giyoyinsa da birkinsa domin bugu ba.

Tambaya: Idan ni kaɗai ne a rairayi, babu wata mota kuma babu bishiya fa?

Amsa: Abu na farko shi ne ka ɗage ƙafa daga totur da zarar ka ji motar ta daina ci gaba, domin tayar da ke juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Banda haka, tayar da ke juyawa da gudu idan ta kama ƙasa mai tauri kwatsam tana iya karya aksul. Ka rage iskar tayoyi huɗun zuwa wajen 18 ko 16 a ma'aunin iska da masu faci suke amfani da shi, domin tafin tayar ya yi tsawo ya hau kan rairayi maimakon ya nutse, sannan ka haƙe gaban kowace taya, ka gwada komawa baya a kan sawunka da ƙaramar giya. Tayar da aka rage wa iska tana iya zamewa daga rim idan aka karya sitiyari da ƙarfi, kuma tana yin zafi ta fashe idan aka yi gudu da ita a kan kwalta, don haka dole ka kasance da famfon mayar da iska. Idan ka cusa katako ko allunan roba a ƙarƙashin taya, kada kowa ya tsaya a bayan motar, domin taya takan harba su da ƙarfi.

Dogon jak ɗin nan mai hawa kamar tsani shi ne kayan da na fi jin tsoro a hannun wanda bai koya ba. Yana ɗaga mota sama sosai a kan ƙafa ƙarama, saboda haka motar tana iya gocewa gefe, kuma lokacin sauke nauyi sandarsa takan ƙwace ta yi sama da ƙarfin da ke karya muƙamuƙi. Kada kanka ya taɓa shiga tsakanin sandar da jikin jak ɗin, kada ka saki sandar sai tana tsaye an maƙale ta, ka shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, kuma kada hannu ko kai ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Da shebur mai dogon ƙota ake tura ƙasa ƙarƙashin taya. Idan rana ta take, ka jira sanyin yamma ko asuba, lokacin da haƙa ba zai ƙarar da ruwan jikinka ba. In abin ya faskara, ka zauna kusa da motar, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutumin da ke tafiya a ƙasa, kuma wannan ne ya sa ake sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa tun kafin a tashi.

Tambaya: Mota ta mutu mini a tsakiyar rafi, na yi ta ƙoƙarin tayar da ita har injin ya lalace. Me ya kamata in yi?

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Injin da ya mutu cikin ruwa ba a sake tayar da shi, domin idan ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, ruwan ba ya matsuwa kamar iska, sai sandunan fistan su lanƙwashe. Amma injin ba shi ne abin farko ba. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaukar ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana tafiya da yawancin motoci har da manyan masu jan ƙafa huɗu. Idan ruwa yana ƙaruwa, a kwance bel, a sauke gilashi tun wuta ba ta ɗauke ba, a fitar da yara da farko, a bar motar. Wanda ya san zai ratsa ruwa ya ɗaura igiyarsa a wurin ɗauri tun yana kan tudu, ya naɗe sauran ya ajiye inda hannu zai kai, domin lalube a ƙarƙashin ruwa mai gudu ba abin yi ba ne. A laka kuma, idan bakin salansa ya toshe, kada a zauna cikin mota injin yana aiki gilashi a rufe, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda takan fara da ciwon kai da jiri kafin ta sumar da mutum. Bayan an fitar da motar, a taka birki a hankali sau da dama domin ya bushe, a duba man inji da na giya. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canja shi kafin a ci gaba da tafiya.